Gadon Hajara

Safiya, ke da ƙannenki kun ji maganar gadon nan daga bakuna da yawa, amma ba ku taɓa jin ta daga bakina ba. Ranar da aka fitar da mahaifiyarku daga gida a kan gadon maƙwabta, na ji abin da 'yan uwanta mata suke faɗa ƙasa-ƙasa a tsakar gida. Bayan an tashi daga zaman makoki kuma kika tsaya a bakin rumfa, idanunki a kumbure, kika ce mini:

"Baba, ashe ko gadon da za a ɗauke ta a kai ba ka bar mata ba."

Ban amsa miki ba. Ba fushi na yi ba, bakina ne ya yi nauyi. Yanzu da zuciyata ta ɗan kwanta, ina so in rubuta yadda abin ya faru, don jikokina su same shi a miƙe.

Su jikokin nan a kan gadon ƙarfe aka haife su, don haka sai na faɗa musu abin da angarib yake a gidajenmu. Gado ne na katako mai ƙafa huɗu, da saƙar igiya a tsakiya. A kansa mace take haihuwa, a kansa ake zaunar da amarya, kuma idan rai ya yi halinsa a kansa ake ɗaukar mutum zuwa makwancinsa, sannan a dawo da shi a jingine a bango. Na mahaifiyarku ba irin na kasuwa ba ne. Kakanta na wajen uwa ne ya sassaƙa shi da itacen sunut, wato bagaruwa, tun zamanin da mutanensu suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gida. Dogo ne fiye da gadajen yanzu, domin mutumin dogo ne. Ya yi baƙi saboda man riɗi da hayaƙi da hannun mutane. A kansa aka haifi mahaifiyarku Hajara, da shi aka kawo ta gidana a Omdurman, a kansa aka haife ki.

Ni ban gaji komai mai tsufa haka ba. Iyayena 'yan ƙwadago ne a gonakin audugar Jazira, abin da muka mallaka yakan shiga buhu guda. Na zo Khartoum ina saurayi, na fara jan zarto a wata warsha, wato shagon kafintoci, a unguwar Alshajara inda ake yin ƙofa da taga. Daga nan wani abokin aiki ya kai ni wurin Usta Girgis, wani dattijo Bakibɗe, wato Kirista ɗan asalin Masar, mai ƙaramin shago a cikin kasuwar Omdurman. Aikinsa guda ne, yin birwaz, katakon nan da ake zagaye hoto da shi, wanda 'yan uwanmu na Najeriya suke kira firam. Masu rubutun ayoyi da babban alƙalami suna kawo masa aikinsu, masu zane ma suna kawowa. Ranar farko na ce masa ni kafinta ne, katako huɗu da ƙusa ba zai ba ni wahala ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ya Idris, ƙofa idan ta ɗan karkace sai a ce gini ne ya motsa. Birwaz idan ya buɗe baki a kusurwa, wa za ka ɗora wa laifi?"

Mutum ne mai son magana idan hannunsa yana aiki. Shi ya gaya mini cewa a zamanin da, a ƙasashen bayan teku, hoto da birwaz daga allo guda ake fitar da su. Sai a rarake tsakiya a yi zane a ciki, a bar baki ya yi tudu. Daga baya aka raba su, kowanne da mai yinsa. Da masu mulki suka shigo cikin lamarin sai suka sa ana sassaƙa ganye da fure, ana shafa farin alli da manne, ana lulluɓewa da zinariya mai sirantakar fatar albasa, har birwaz ya fi hoton surutu. Ya koya mini wannan aikin duka, har yadda ake riƙe numfashi kada zinariyar ta tashi. Amma abin da ya fi nanata mini ba shi da ƙyalli. Yakan ce zafin Khartoum ba ya yafe wa ɗanyen katako. Ko ya yi kyau ranar da aka haɗa shi, idan bazara ta shigo sai ya tsotse, kusurwa ta buɗe. Shi ya sa yake bin unguwanni yana sayen tsofaffin angarib da suka karye. Katakon da ya ga bazara sama da shekarun mai yankansa, in ji shi, ya gama duk motsin da zai yi.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta ita ce shekarar da Usta ya rufe shago. 'Ya'yansa sun daɗe a waje, suka matsa masa ya bi su. Mai ginin ya ba wa wani mai sayar da takalma shagon. Usta ya tattara zartunansa da matsensa na kusurwa da ƙananan wuƙaƙen sassaƙa, ya sa a akwati ya ce in ɗauka. Na kafa tebur a ƙarƙashin rumfar gidanmu, kusa da inda mahaifiyarku take yin kisra, wainar dawan nan mai faɗi marar kauri. Ke a lokacin kina rarrafe. Watanni suka wuce babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai masu son a gyara musu ƙafar kujera. Masu zane sun san Usta, ba su san ni ba. Abokaina na Alshajara suka ce in dawo, yanzu tagar ƙarfe ake yayi, in koyi walda in huta. Wani ɗan garinmu kuma ya ce akwai wurin lodin kaya a kasuwar Suk al-Shabi. Na fara sauraronsu.

Sai ga Ustaza Amal. Malamar zane ce, takan zo shagon Usta, ta sha ganina a can. Ta zo da ƙaramar mota, aka sauke wani dogon abu a naɗe cikin zanin gado. Da ta buɗe shi a tsakar gida sai na ga zane ne. Mata ne a gonar auduga, sun sunkuya sun ba da baya, buhu a ɗaure a ƙugunsu, rana ta faɗo a wuyansu. Babu fuskar kowa. Amma akwai wata a gefen hagu da ta dafa bayanta da hannu guda, kuma haka mahaifiyata take dafa bayanta idan ta miƙe daga kan kunya. Ustaza ta ce za a nuna aikin masu zane a wani babban zaure a Khartoum, wannan ne nata, kuma Usta kafin ya tafi ya ce mata ta neme ni.

Na nemi tsohon katako mai wannan tsawon ban samu ba. Na shiga unguwar Mayo, na shiga unguwannin bayan kasuwa, duk gadon da aka fito mini da shi ko gajere ne ko ya tsage. Sai na sayi sabon katako mai kyau, mai sayarwa ya rantse ya bushe. Na haɗa, na goge, na kai. Ba a daɗe ba iskar zafi ta taso, Ustaza ta aiko in zo. Kusurwa biyu sun buɗe har tsinken ashana yana shiga. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce:

"Malesh, ba komai, ya Usta Idris. Akwai sauran lokaci kaɗan. Idan za ka iya sake shi, ina jira. Idan ba za ka iya ba, ka gaya mini yau, in kai wa masu birwaz na roba."

Na ce zan sake. Na dawo gida da hoton ban san da me zan sake ba. Na san dai idan ya bar gidana ya tafi wurin masu roba, babu mai zanen da zai sake tambayar hanyar gidan, kuma akwatin Usta zai koma ƙarƙashin gado.

Hajara ba mai yawan tambaya ba ce. Ta kawo mini shayi, ta tsaya tana kallon matan audugar. Sai na ga ta auna tsawon hoton da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ta shiga ɗaki. Ta ɗan jima ta fito.

"Abu Safiya, gadona ya fi shi tsawo da tafin hannu."

Na ce mata kada ta sake wannan maganar.

"Faɗinsa ma ya isa. Na auna."

"Hajara, gadon kakanki ne. A kansa aka ɗauki kakarki. Me zan ce wa Inna?"

"Ni zan ce mata."

"A kan me za ki kwanta?"

"A kan tabarma, kamar yadda uwarka ta kwanta har ta haife ka. Ga ka nan, ƙato, ba abin da ya rage ka." Ta yi dariya, sannan ta daina. "Na ga fuskarka lokacin da kake dawowa daga Alshajara, na kuma ga fuskarka lokacin da kake dawowa daga shagon Usta. Ni ce nake buɗe maka ƙofa. Ba na son waccan fuskar ta dawo gidan nan."

Na ƙi. Ina so ku ji wannan da kyau, ba don in wanke kaina ba, sai don kada a ƙwace mata abin da ita ta yi. Na ƙi ranar, na ƙi washegari. Ranar Juma'a na tafi masallaci, da na dawo na tarar da igiyar gadon a naɗe a kan turmi, ƙafafu huɗu a jere a jikin bango, dogayen katakan biyu da gajerun biyu a kan teburina. Ta ari guduma a maƙwabta ta fitar da su da kanta. Yatsanta guda yana jini, ta ɗaure da tsumma, tana ta juya kisra kamar ba abin da ya faru.

"Ga su nan. Idan ka ga dama ka mayar, amma ni ba zan sake saƙa igiyar ba."

Labari ba ya kwana a unguwarmu. Da la'asar sai ga kakarku, Hajja Zainabu, wadda kuke kira Haboba. Kun san tsakanin suruka da mijin 'yarta akwai kunya. Tunda na auri Hajara ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona ba. Idan tana da magana da ni sai ta gaya wa wani abu da ke kusa. Ranar ke ta ɗauka, ta ɗora ki a cinya, ta juya mini baya.

"Safiya, ki tambayi mai zarton gidanku, shi ba a gadon haihuwa aka haife shi ba? Ki tambaye shi, gadon da ubana ya sassaƙa da hannunsa, shi ne za a rataye a bango wa mutanen da ba su san sunanmu ba?"

Hajara ta ce, "Inna, ni na kwance shi. Bai ma sani ba."

"Ke yi mini shiru, ba da ke nake ba, da Safiya nake. Safiya, ki tambaye shi, ranar da uwarki ta mutu a kan me za a ɗauke ta? A kan hoto?"

Kina ta wasa da bakin mayafinta, kina dariya. Hajara ta durƙusa a gabanta ta ce:

"Inna, gadon da za a ɗauke ni a kai ba zan gan shi ba. Wannan kuwa zan gani."

Haboba ta sauke ki, ta gyara mayafi, ta ce wa akuyar da ke ɗaure a bakin ƙofa ta shaida ba za ta sake shan ruwan gidan nan ba. Ta fita.

Na yi aikin a ƙarƙashin rumfa, da alwala, domin hannuna bai yarda ya taɓa katakon haka kawai ba. Sunut mai shekaru irin wannan yana cin haƙoran zarto, sai na yi ta tsayawa ina wasa shi. Na tsaga kowane katako a tsaye, na fitar da gurbin da hoton zai zauna, na yanka kusurwa, na sa musu ƙaramin harshe na katako a ciki yadda Usta ya koya mini, babu ƙusa ko ɗaya. Abu guda ya dame ni. Igiya ta shekara da shekaru tana cin jikin katakon, ta bar masa zane-zane a jere kamar tsagar fuska. Na yi niyyar in fere su in shafe. Ina shirin farawa Ustaza Amal ta zo duba aiki. Ta shafa wurin da yatsa ta tambayi mene ne. Hajara ce ta gaya mata, daga bakin murhu. Ustaza ta dubi ɗakin da ƙofarsa take buɗe, ta ga tabarma a ƙasa.

"Da na sani da ban yarda ba, ya uhti, 'yar'uwata."

"Shi ya sa ba a gaya miki ba," in ji Hajara. "Zauna ki ci kisra."

Kafin ta tafi ta riƙe hannuna da ke riƙe da abin ferewa, ta ce kada in taɓa sawun igiyar. Matan nan na cikin hoto, in ji ta, igiyar buhu ta ci ƙugunsu haka. Ban sa zinariya ba, ban sa fenti ba. Man riɗi na shafa da kakin zuma, na goge da tsohon mayafi har ya ɗauki haske.

Ranar da aka buɗe zauren Hajara ta sa tob ɗinta, dogon mayafinta na biki, muka hau mota muka haye gada. Ba ta taɓa shiga irin wurin ba. Mutane suna tsaye da hannu a baya, suna ja da baya suna matsowa, suna magana a hankali. Hoton yana bangon tsakiya. Kowa matan audugar yake kallo, kuma haka ya kamata, domin Usta yakan ce birwaz na kirki kamar mai rakiyar amarya ne, ya kawo ta ya koma gefe. Ita kuwa ta wuce kai tsaye zuwa kusurwar hagu ta ƙasa, ta sa yatsa tana nema. Akwai wani ɗan gurbi a wurin, inda ta ciza tana yarinya lokacin da ake yi mata kitso tana kuka. Wani mai gadi ya taho da sauri.

"Ya Hajja, ba a taɓawa!"

Ta dube shi ba tare da ta ɗauke yatsa ba.

"Gadona ne, ɗana."

Bai gane ba, ya juya yana neman wanda zai fassara masa. Ustaza Amal tana gefe, ta rufe baki da mayafi tana dariya har da hawaye.

Bazara ta wuce, damina ta wuce, kusurwa ba ta motsa ba. Masu zane suka fara tambayar hanyar gidanmu. Daga wannan shekarar ban sake jan zarto don wani abu ba sai birwaz, kuma duk abin da kuka ci, da makarantar da kuka yi, daga ƙarƙashin rumfar nan ya fito. Da hali ya samu na saya mata gadon ƙarfe mai katifa. Na sha cewa bari in sa a sassaƙa mata sabon angarib, sai ta ce sabo ba na kakanta ba ne, kuma bayanta ya saba da katifa.

Amma Haboba ta cika maganarta. Ba ta zo suna ba da aka haifi ƙanenki Usman. Idan Hajara ta je gaishe ta takan amsa, amma ba ta tambayar mutanen gida. Na ga mahaifiyarku tana share hawaye a bakin murhu ranar Sallah, ta ce hayaƙi ne. Wannan shi ne abin da gadon ya ci mata, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ƙafafun nan huɗu suna ajiye a ɗaki. Wata rana na ɗauko su na rage musu tsawo, na haɗa su da ragowar katakon da na tsaga, na saƙa da igiyar gadon ta asali, suka zama banbar, 'yar kujerar nan ta zaman tsakar gida. Hajara ta kai mata. Ta dawo da ita ta ce an ce ba a so. Muka ajiye a bakin murhu. Sai da aka kusa azumi na gaba, ina cikin aiki na ji sallama. Haboba ce. Ta tsaya ta dubi kujerar, ta juya ta, ta duba ƙasanta, ta zauna a hankali tana jijjiga ta don ta ji ko za ta yi ƙara. Sannan ta kira ki.

"Safiya, ki gaya wa mai zarto ƙafa ɗaya ta ɗan fi sauran."

Ba ta fi ba, na auna daga baya. Na ce miki ki gaya mata za a gyara. Ta ce ki gaya wa uwarki ta kawo ruwa, ƙishi take ji.

Wannan kujerar ita ce kuka taso kuna faɗa a kanta. A kanta mahaifiyarku ta yi muku kisra duk tsawon rayuwarta, a kanta take zama tana taya ni riƙe kusurwa har manne ya kama. Da ciwonta ya yi nauyi na tuna maganar Haboba, na ce mata zan je kasuwa in sayo angarib in ajiye. Ta gane abin da nake nufi. Ta ce:

"Kada ka sayo mini gadon da ban taɓa kwana a kai ba. Na Hajja Sakina na nan, a kansa na karɓi haihuwar 'ya'yanta. Ta ara mini guduma, za ta ara mini gado."

Hajja Sakina ita ce maƙwabciyar da kuka sani. Da kanta ta aiko da gadon tun kafin a tambaya. Wannan shi ne gadon maƙwabtan da aka yi ta magana a kai.

Ban ce rashin bai taɓa ni ba ranar. Da na ga an ɗaga ta a kan katakon da ba nata ba, na ji abin da kika ji. Amma na zauna da ita shekaru masu yawa bayan ranar Juma'ar nan, kuma ban taɓa jin ta ambaci gadon da nadama ba. Idan ta ambace shi, labarin mai gadi take bayarwa, tana kwaikwayon muryarsa.

Ustaza Amal ta zo gaisuwa, tana dogara sanda. Ta ce hoton yana nan a zauren makarantar da ta koyar, ba ta yarda an sayar ba. Ta ce ta duba kafin ta taho, kusurwa huɗu a rufe suke. Na yi niyyar zuwa, amma ba na so in je ni kaɗai. Safiya, idan kin samu sarari ki zo ki ɗauke ni, ki taho da 'yarki. Ki sa yatsa a kusurwar hagu ta ƙasa, za ki ji sawun haƙoran mahaifiyarki. Idan mai gadi ya ce ba a taɓawa, kin san abin da za ki ce masa.